Me ya sa alƙali ke sakin wanda soja ya kamo daga daji?

Wani malamin lakwal daga Tawa, wanda ƙanensa soja ne a arewacin jihar, ya aiko mini da wannan tambaya: "Yaranmu na sayar da ransu su kamo ƴan ta'adda, a kai su Yamai, kwana kaɗan mu ji alƙali ya sake su wai babu hujja. Ku lauyoyi kullum bakinku haƙƙin ɗan Adam. Wanda ya yanka mutane a Tilliya wane haƙƙi gare shi? Ita kanta Amurka da ta koya muku wannan karatu, da abin ya taɓa ta ai gefe ta ajiye shi."

Malam, da fari Allah ya tsare ƙanenka da abokan aikinsa, ya maido su gida lafiya. Ban ɗauki tambayarka ta mai neman husuma ba. Ranar 21 ga Maris 2021 an kashe mutum 137 a ƙauyukan Intazayan, Bakorat da Wistan na yankin Tilliya, cikin yini guda. Kafin nan, a Oktoban 2016, an kashe jami'an tsaro 22 a Tazalit. Wanda ya zauna zaman makokin irin wannan mutuwa, in ka ce masa "haƙƙin wanda ake tuhuma", dole ya ji kamar ka zage shi. Na daɗe ina aikin lauya a nan Yamai, kuma irin waɗannan shari'o'i sun ci babban rabon shekaruna, don haka abin da idona ya gani zan faɗa maka, har da wanda ba ya yi wa ɓangarenmu daɗi.

Akwai kalma guda cikin tambayarka da ta haɗiye dukan matsalar. Ka ce sun kamo "ƴan ta'adda". Wa ya tabbatar su ne? Abin da soja ya kamo a daji mutum ne. Wani da bindiga a hannunsa aka same shi ana tsakiyar musayar wuta, wannan ba shi da dogon zance. Amma galibin dosiyoyin da suka bi ta hannuna ba haka suke ba. An samu mutum a bakin rijiya kwana biyu bayan hari, ko a kasuwa bayan wani ya nuna shi da yatsa, ko a kan moto a inda dokar ta-ɓaci ta hana hawan moto. Cikinsu akwai mai laifi na gaske. Akwai wanda aka tilasta wa ya sayo musu esansi da shinkafa, akwai makiyayin da ya ba da abin da suke kira zakka don an ɗora masa bakin bindiga, akwai kuma wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Rawaninsu ɗaya, harshensu ɗaya, ƙurar da ke jikinsu ɗaya. Babu abin da zai rarrabe maka su in ba hujja ba.

Bari in buɗe maka wata dosiye da har yau ba ta bar zuciyata ba, ba tare da na faɗi suna ko wuri ba. Mutum bakwai aka kawo tare. Takardar da ta rako su ba ta cika shafi biyu ba: sunayensu, sai layi guda da ke cewa an kama su a yankin da ƴan bindiga ke kai-komo. Babu sunan wanda ya kama su, babu lokaci, babu inda kowannensu yake tsaye sa'ad da aka iske shi. Tare da su aka kawo baƙar leda guda, cikinta salula biyar, da layukan waya a zube, da ƴan kuɗi a dunƙule. Da masana suka buɗe salulolin, sai ga ɗaya cike da hotunan makamai da saƙonnin da ake aiko wa mai ita, waɗanda ba su bar wata shakka ba cewa yana cikin tafiyar. To, ta wane ce cikin bakwai ɗin? Layin da sunan wani can aka yanke shi, kamar yadda aka saba a karkara inda da yawa ba su da katin ɗan ƙasa. Kowannensu ya rantse ba tasa ba ce. Wanda ya zuba su a leda guda bai liƙa wa ko ɗaya suna ba, kuma kafin alƙali mai bincike ya nemi jin ta bakinsa, an canza wa ayarinsu wurin aiki, babu mai iya cewa ga hannun da ya ɗauki wayar.

Zauna a kujerar alƙalin nan, Malam. Ka san da wuya a ce babu mai laifi cikinsu. Za ka ɗaure bakwai saboda ɗaya? Ko za ka saki bakwai har da ɗayan? Sun kusa shekara uku a gidan kaso kafin a sallame su duka. Mahaifiyar wanda nake karewa ta sayar da awakinta ɗaya bayan ɗaya don kuɗin mota zuwa Yamai, takan zo da gumba a ƙulle a bakin zane, ta zauna a inuwar bango tun safe tana jiran a kira ta. Asara biyu aka yi a shari'a guda: mai laifi ya koma daji, marasa laifi sun fito sun tarar babu garke. Kuma ba haƙƙin ɗan Adam ne ya kashe wannan shari'a ba. Tun a daji ta mutu, a minti goman farko, lokacin da aka zuba salula biyar cikin leda ɗaya. Tun ran gini ran zane.

Ban ɗora wa sojan laifi ba. Yaƙi aka koya masa, ba rubutun takardar bincike ba, kuma mai yiwuwa a safiyar nan ya ɗauki gawar abokinsa.

Masu cewa doka ta ɗaure wa jami'ai hannu kuwa, ba su karanta ta ba. Tun 2011 Nijar ta kafa sashen alƙalai na musamman a Yamai da ke shari'ar ta'addanci, da ofishin bincike na musamman da ke karɓar waɗanda aka kamo. Bayan gyaran dokar 2016, ana iya riƙe mutum kwana 15 a hannun masu bincike, a sake ƙara wasu 15, alhali a laifi na yau da kullum awa 48 ce ake sabunta ta sau ɗaya. Tsarewa kafin shari'a na iya kai shekara 4 a manyan laifuffuka. Wannan ba doka ce mai laushi ba. Bayan harin Boko Haram a Bosso da Difa ranar 6 ga Fabrairun 2015, an tara mutane sama da dubu a gidajen kaso na Kollo, Kutukale da Yamai, kuma sai a Maris 2017 aka fara yi musu shari'a. An ɗaure wasu, an saki da yawa don ba a samu abin kamawa ba. Maƙwabtanmu na Najeriya ma haka suka gani: a zaman farko da aka yi a barikin Kainji a Oktoban 2017, mutum 45 aka yanke wa hukunci, aka sallami 468. Alƙalan nan ba tausayin Boko Haram suke yi ba. Kame ne ya yi yawa, hujja ta yi kaɗan.

Yanzu batun Amurka. Ka ce ta ajiye karatun gefe, kuma gaskiya ka faɗa. Sai dai ba ka ƙarasa labarin ba, kuma a ƙarshensa amsar tambayarka take.

A Janairun 2002 suka buɗe sansanin Gwantanamo, suka tara mutum wajen 780 a tsawon shekaru. Da yawa ba sojan Amurka ne ya kama su a fagen daga ba, mutanen Afganistan da Pakistan ne suka miƙa su don ladan kuɗin da aka yi alkawari. Ka san wannan hali, mu ma muna da shi: rigimar gona, bashin da aka ƙi biya, gabar manomi da makiyayi, sai mutum ya je ya raɗa cewa wane yana tare da mutanen daji. Mafi yawan mutanen Gwantanamo an sake su ba tare da an taɓa tuhumarsu a gaban kotu ba. Khalid Sheikh Mohammed, wanda ake zargi da kitsa harin 11 ga Satumban 2001, an kama shi a Maris 2003, hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta yi masa azabar shaƙewa da ruwa sau 183. Sama da shekara 20 bayan kama shi ba a kai ga yanke masa hukunci ba, kuma babban abin da ya cije shari'ar shi ne azabar nan: duk maganar da ya yi, sai lauyoyi su tsaya a kan cewa da me aka ciro ta. Iyalan mutum kusan 3,000 da suka mutu suna ta jira. Wani kuma, Ibn al-Shaykh al-Libi, da aka matsa masa ya ce Iraƙi na horar da Alƙa'ida kan makamai masu guba. Colin Powell, ministan harkokin wajen Amurka na lokacin, ya ɗauki wannan magana ya kai gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 5 ga Fabrairun 2003 cikin dalilan yaƙi. Daga baya mutumin ya janye, ya ce don a bar shi ya huta ya faɗa. Khaled El-Masri kuwa, ɗan ƙasar Jamus, a ƙarshen 2003 aka kama shi a Makedoniya saboda sunansa ya yi kama da na wani da ake nema, aka kai shi Afganistan ya yi watanni kafin su gane kuskure.

Ka gwada wannan da inda aka bi hanya. Faransa ta yi shari'ar harin Paris na 13 ga Nuwamban 2015, wanda ya ci mutum 130, a buɗe, da lauyoyi da shaidu, daga Satumban 2021 zuwa Yunin 2022, kuma Salah Abdeslam, wanda shi kaɗai ya rage da rai cikin maharan, ya samu ɗaurin rai da rai. Ga ma wanda ya fi kusa da mu: Ahmad al-Faƙi al-Mahdi na ƙungiyar ƴan bindigar Ansar Dine ta Mali, wanda ya jagoranci rusa ƙaburburan waliyyan Tumbutu a 2012. Nijar ce ta miƙa shi ga Kotun Duniya mai hukunta manyan laifuffuka a Satumban 2015. Hotunan bidiyo ne suka nuna shi a wurin da bakinsa yana bayani, ya amsa laifinsa, a Satumban 2016 aka ɗaure shi shekara 9. Shekara guda tsakanin miƙawa da hukunci, ba tare da an taɓa lafiyar jikinsa ba.

Abin da ya sa duka ke ɓata hujja ba shi da wuyar ganewa. Mutumin da ake duka ba gaskiya yake nema ya faɗa ba, abin da zai tsayar da bulala yake nema. In ka ce ya ba ka sunaye goma zai ba ka, har da na maƙwabcin da suka yi cacar baki bara. Sai a tura mota a kwaso goman nan, a ƙona esansi da lokacin jami'ai a kan ƙarya, su kuwa masu laifin na gaske suna can suna ɗaura wani harin. Shi ya sa yarjejeniyar hana azabtarwa ta 1984, wadda Nijar ta shiga a 1998, ta ce babu wani hali, ko yaƙi ko dokar ta-ɓaci, da zai halatta azaba, ta kuma ce a sashe na 15 maganar da aka ciro da azaba ba ta zama hujja a kotu.

Kuma ba daga Turawa muka fara jin wannan ba, a nan nake so ka gyara tambayarka. A zauren karatu aka koya mana cewa hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musanta. A Suratul Hujurat an umarce mu, in fasiƙi ya zo da labari, mu bincika kada mu afka wa mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. A Suratul Ma'ida an ce kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu ƙi yin adalci. Imamu Malik, wanda muke bin mazhabarsa, bulala ya sha a Madina saboda ya tsaya a kan cewa abin da aka tilasta wa mutum ya furta ba ya hawa kansa. Wannan gadonmu ne tun kafin a san da Majalisar Ɗinkin Duniya.

Akwai wata ɓarna da ba ta kai duka zafi ba amma ta fi shi yawa: harshe. Ana yi wa mutum tambaya da Hausa, shi kuwa Fulatanci ko Tamajak ko Barbarci ne harshensa, Hausarsa ta ciniki ce. A rubuta amsarsa da Faransanci, a ce ya dangwala yatsa. Na taɓa karanta wa wani takardarsa ina fassara masa, inda aka rubuta ya ce yana "aiki tare da su". Ya zaro ido ya ce abin da ya faɗa shi ne sun tare shi sun sa shi ya ɗebo musu ruwa. Tsakanin waɗannan jimloli biyu akwai shekaru na ɗauri.

Sai batun jerin sunaye, wanda shi ne makamin da duniya ta fi amfani da shi yanzu. Tun ƙuduri mai lamba 1267 na 1999, Kwamitin Sulhu ke sa sunan mutum a daskarar da dukiyarsa a hana shi tafiya, ba tare da shari'a ba. Wani ɗan kasuwar Saudiyya, Yassin Kadi, aka sa shi a 2001, ba a gaya masa hujjar ba. A 2008 babbar kotun Tarayyar Turai ta ce ba a yin haka, dole mutum ya san abin da ake zarginsa da shi ya samu damar kare kansa. A 2009 Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe ofishin mai sauraron koken waɗanda ke cikin jerin, a 2012 aka cire sunan Kadi. Shekara 11. Na kawo wannan ne don a Agustan 2024 mu ma an kafa kundin sunaye irin wannan a Nijar, mai iya kai mutum ga daskarar da dukiya, hana tafiya, har da janye masa zama ɗan ƙasa na wucin gadi. Ba na musun cewa toshe hanyar kuɗin ƴan bindiga wajibi ne. Abin da nake tambaya game da kowane jeri a kowace ƙasa shi ne: wa ke duba hujjar kafin a rubuta suna, kuma ta wace ƙofa wanda aka rubuta bisa kuskure zai fita?

Yanzu ga inda ɓangarenmu ke da nauyi a wuya, ba zan ɓoye maka ba. Akwai mutumin da kowa a ƙauye ya san shi ne, amma babu mai zuwa kotu ya faɗa, don in ya faɗa ba zai kwana ba. Mutanen karkara gaba kura baya sayaki suke. Akwai bayanan sirri na gaskiya da ba a iya buɗewa a kotu, don buɗe su zai tona wanda ya kawo su. Kuma akwai wanda aka saka don rashin hujja ya koma ya ɗauki bindiga. Wannan yana faruwa, kuma duk lauyan da ya ce maka ba ya hana shi barci, ban yarda da shi ba. Amma maganinsa ba a jefar da hujja ba ne, a gina ta ne: a ɓoye sunan shaida da fuskarsa, alƙali ya ji shi a keɓe, a mai da bayanin sirri mafarin bincike, a bi shi har a samu abin da za a iya ajiyewa a kan tebur, kamar tarihin kiran waya, hanyar da kuɗi suka bi, zanen yatsa a jikin bindiga, a kai zaman kotu kusa da inda abin ya faru, kamar yadda aka yi a Difa a 2018, don shaida kada ya yi tafiyar sama da kilomita 1,300.

Ɗaya hanyar, ta a kwashe kowa, ita ma tana da farashi, kuma ƙanenka ne ke biyansa. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hira da ɗaruruwan tsofaffin mayaƙa a Afirka, ta fitar da sakamako a 2017: kashi 71 cikin 100 sun ce abin da ya tunzura su a ƙarshe suka shiga shi ne wani aikin hukuma, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. Ƙauyen da aka kwashe wa samari bakwai ba tare da dalili ba, gobe in sun ga ana binne nakiya a hanyar sojoji, wa zai ɗaga waya ya faɗa? Hujja ma kariya ce ga sojan kansa. A 2020 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta ce ta gano gawa 71 a yankin Inates, ta ɗora alhakin kan wasu jami'an tsaro, gwamnatin lokacin ta musanta. A irin wannan hali, sojan da ayarinsa ke rubuta wanda ya kama da inda ya miƙa shi, shi ne mai abin wanke kansa.

In ƙanenka ya zo hutu Tawa, ka zaunar da shi ka faɗa masa wannan daga gare ni. Ranar da suka kama mutum, kafin a ɗora shi a mota, wani cikinsu ya ɗauki hotonsa a inda aka same shi tare da abin da ke hannunsa. Kayan kowa a ledarsa daban, a rubuta suna a jiki, kada a kunna wayar, kada a cire layin. A rubuta rana da lokaci da sunan wurin, da sunan wanda ya kama shi, da dalili ko da layi uku ne: ga abin da muka gani, ga abin da ya sa muka tsare shi. In akwai jandarman da ke rakiyar ayari don wannan aiki, a damƙa masa tun a wurin, ya sa hannu. In mutumin ba ya jin Hausa sosai, a rubuta harshen da yake ji. Dosiyar da ta iso Yamai da waɗannan, ni da nake zaune a ɓangaren wanda ake tuhuma na san nauyinta tun daga shafin farko, kuma in mai laifi ne abin da ya rage mini shi ne roƙon sassauci.